Daga Alli zuwa Kwamfuta: Yadda Aka Riƙa Tsallake Malami

Tun da Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da umarni a 2025 cewa jarrabawar WAEC da NECO su koma ta kwamfuta, gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Iyaye na tambayar ina wutar lantarkin, ina kwamfutocin. Tambayar da ta fi damuna kuwa ba a cika yin ta ba: malamin da zai shirya yaron nan, shi wa ya koya masa, kuma a ina?

Farkon lamarin ba shi da tsawo. Lokacin da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, da lokacin da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922 don horar da malamai, kayan aikin ba su wuce baƙin allo da alli da taswira ba. Amma ɗalibin malanta yana taɓa su kullum. Ana koya masa inda zai tsaya kada ya tare wa yara allo, da yadda zai miƙe layin rubutunsa. Shi ya sa alli ya zauna daram har yau. Majigi kuwa, da ya zo, a filin ƙofar fada ya tsaya, ma'aikatan yaɗa labarai ke kunna shi bayan magariba. Malamin aji ɗan kallo ne kamar kowa.

Wanda yake son ya fahimci abin da ya biyo baya, ya leƙa Nijar. A 1964 aka fara koyar da 'yan firamare ta talabijin a Yamai da taimakon Faransa. Ƙwararru ne ke shirya darasin a ɗakin watsa shirye-shirye, da Faransanci, a aika zuwa azuzuwa. Wanda ke tsaye gaban yaran ba cikakken malami ba ne, mai kula ne da aka yi wa gajeren horo: ya kunna akwatin, ya maimaita abin da aka faɗa, ya tsawatar. Baƙi masu nazari sun yaba da yadda yaran ke magana da Faransanci. To amma shirin bai kai ga yawancin yaran ƙasar ba, kuma a ƙarshen shekarun 1970 ya shuɗe, gidan talabijin na ƙasa ya gaji kayansa. A ganina laifin ba na akwatin ba ne. An kawo shi ne don ya toshe giɓin rashin malamai, aka gina shi a gefen tsarin horar da su, don haka ranar da tallafi ya ja baya babu rundunar malaman da za ta ce wannan namu ne.

A Najeriya an bi wata hanya, amma an ɓulla kusan wuri ɗaya. Bayan rahoton kwamitin Ashby na 1960 aka kafa manyan kwalejojin horar da malamai, ciki har da ta Zariya a 1962, aka fara bayar da shaidar NCE. Sai ga shirin ilimin firamare kyauta na 1976, yara suka cika azuzuwa maƙil, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekarar don horar da malamai daga nesa. A 1977 kuma aka samar da cibiyar fasahar koyarwa ta ƙasa, ita ma a Kaduna. Fasahar koyarwa ta shiga manhajar kwalejojin ilimi a matsayin kwas mai zaman kansa, kuma a nan ne, ina ganin, aka yi kuskuren da muke girba. Abin da ya kamata a koya da hannu ya zama abin haddacewa. Na ga littafin ɗalibar NCE da ta zana majigi da biro, ta ja kibiya ta rubuta sunan kowane sashe, ta ci jarrabawa da maki mai kyau, alhali ba ta taɓa jona shi da wuta ba. Ranar gwajin koyarwa, wato TP, abin da ta ɗauka ta tafi da shi shi ne farin kwali da maka, da marafan kwalba na lissafi a leda. Ba raina kwalin nake ba, hikima ce babba. Amma iyakar abin da hannunta ya saba da shi ke nan.

Haka ma darasin gwaji na 'yan mintoci da aka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963. Armashinsa shi ne ɗalibi ya koyar, a ɗauke shi a bidiyo, ya kalli kansa, ya gyara, ya sake. A wurare da dama a nan, ɗalibai sun yi yawa, kyamara na kulle, sai a raba su rukuni-rukuni mutum ɗaya ya koyar a madadin sauran.

Gwamnatin tarayya ta fito da manufar koyar da kwamfuta a makarantu a 1988, aka fara da wasu makarantunta na sakandare. A 2007 aka raba wa 'yan firamaren Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutoci masu launin kore, duniya ta yi ta ɗaukar hoto. A duka biyun, na'ura aka fara sauke wa makaranta, horon malami ya biyo baya da ɗingishi.

Na san za a ce mini wuta ce matsalar. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar matsala ba ce. Amma na shiga ɗakin kwamfuta a wata kwaleji da ke da janareta, na tarar da na'urorin lulluɓe da ƙyalle, makulli a aljihun jami'in da ke tsoron a lalata a ce ya biya. Wasu kuma su ce malamanmu ne ba sa son sabon abu. Wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan. Wayar salula ta shigo a 2001, babu wanda ya shirya wa malamai bita a kanta, ga shi yau malamar ƙauye na tura kuɗi da ita, tana karɓar sanarwar makaranta ta WhatsApp. Abin da aka damƙa a hannun mutum yana koyonsa.

Annobar korona ta tona asirin sauran. Da aka rufe makarantu a Maris na 2020, jihohi irin su Kano da Kaduna rediyo da talabijin suka koma, 'yan malamai kaɗan a ɗakin watsa shiri, dubbai a gida zaune. Bayan haka, a 2022 aka ƙaddamar da dandalin karatu ta intanet na Nigeria Learning Passport tare da UNICEF.

Ita kuwa hukumar yi wa malamai rajista, TRCN, tun 2017 da kwamfuta take yi musu jarrabawar cancanta, kamar yadda JAMB ta koma gaba ɗaya a 2015. Wato ana buƙatar sabon malami ya iya danna amsa a na'ura kafin a ba shi lasisi. Ko ya iya tsara darasin lissafi da ita ga yara tamanin a aji ɗaya, wannan jarrabawar zaɓen amsa ba ta iya aunawa, kuma a kwalejoji da yawa mai duba TP bai taɓa neman ya gani ba.