Tsakanin Taushi da Ƙarfi: Tarihin Amfani da Folima Wajen Rarrabe Furotin

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin abin da ake cika bututu da shi a fasahar kuromatogirafi, wato dabarar nan ta zuba gaurayen sinadarai ta cikin cikakken bututu, kowane sinadari ya fito a lokacinsa. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa matsala guda ce ta ja ragamar wannan tarihi: furotin abu ne mai saurin lalacewa, yana son ciko mai taushi, alhali kuwa saurin aiki yana son ciko mai jure matsi.

2.0 Mafari

Mikhail Tswett, masanin tsirrai ɗan Rasha, shi ne ya raɗa wa fasahar suna a 1906, bayan ya rarrabe launukan ganye ta cikin garin alli. A 1935 Adams da Holmes suka haɗa ƙaron roba mai musayar caji a Ingila. Wannan ƙaro folima ne, wato doguwar sarƙa ta ƙananan sinadarai masu maimaita kansu. A 1951 Moore da Stein, a Cibiyar Rockefeller ta Amurka, suka rarrabe amino asid, tubalan ginin furotin, da ƙaron folisitirin mai suna Dowex 50. Sai dai ramukan irin wannan ƙaro sun yi wa furotin ƙanƙanta, ga shi kuma yakan manne masa har ya lalace.

3.0 Zamanin Taushi

Mafita ta zo daga folimar halitta mai son ruwa. A 1956 Peterson da Sober suka ɗora caji a kan selulos, aka sami damar rarrabe furotin lafiya lau. A 1959 Porath da Flodin, a Uppsala ta ƙasar Suwidin, suka fito da Sephadex daga dekstaran. Abin sha'awa a nan shi ne, manyan ƙwayoyi ke fara fitowa, domin ba sa iya shiga ramuka, ƙanana kuwa su makara. Daga nan Hjertén ya inganta agaros na ciyawar teku, wanda a kansa ne Cuatrecasas da Wilchek da Anfinsen suka gina dabarar kamo furotin guda tak a 1968. Illar waɗannan duka ita ce lotsewa idan matsi ya yi yawa.

4.0 Zamanin Ƙarfi

A shekarun 1970 aka karkata ga silika saboda juriyarta. Amma ita ma tana narkewa a ruwa mai kaifin kanwa, alhali da irinsa ake wanke bututu. Wannan ya sa aka koma ga folisitirin mai tauri da faffaɗan ramuka, aka lulluɓe fuskarsa da abu mai son ruwa, kamar yadda Regnier da abokan aikinsa suka yi a 1990. A 1989 Hjertén, sannan Svec da Fréchet a 1992, suka nuna cewa ana iya zuba folimar ta daskare dunƙule guda cikin bututu, ruwa ya ratsa ta kafofinta.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa babu cikon da ya kori wanda ya gabace shi ɗungurungum. Har yau agaros ne ginshiƙin tace magungunan garkuwar jiki, folisitirin kuma na da nasa gurbin a aikin feftayid, wato gajerun sarƙoƙin amino asid. Saboda haka ya kamata mu malamai mu riƙa koya wa ɗalibai dalilin zaɓen ciko, ba haddar sunayensa kawai ba.