Daga Sankira zuwa Fodkas: Tarihin Sauraro a Damagaram

Masu iya magana sun ce kunne ya girmi kaka. A Damagaram wannan karin magana tarihi ne tsagwaronsa, domin ko da yake malamanmu sun yi rubutu da Larabci da ajami, mafi yawan abin da muka sani game da sarakunanmu ta kunne ya iso gare mu. Shi ya sa idan abokan aiki suna kukan cewa ɗalibai sun toshe kunnuwa da waya suna sauraren shirye-shiryen Abuja da Legas da Akara, waɗanda ake kira fodkas, nakan ce a yi haƙuri a duba asalin abin tukuna. Fodkas dai shiri ne na murya da ake ajiyewa a intanet, mai so ya sauke shi ya saurara lokacin da ya ga dama. Sunan bai girmi shekarar 2004 ba, amma ɗabi'ar karkata kunne kudu ta daɗe a garin nan.

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya zagaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera masa igwa a cikin gari, ya kuma rasu a 1884, labari yana da ma'aikatansa. Tambari da kakaki su sanar da fitowar sarki, sankira ya ɗaga murya ya isar da abin da aka faɗa a hankali, mai shela ya bi unguwanni da kasuwa. Maroƙan fada kuwa su ne ma'ajiya: a bakinsu jerin sarakuna yake, tun daga Malam wanda ya kafa gidan a ƙarni na 18, da yaƙe-yaƙe, da wanda ya tsaya da wanda ya gudu. Sai dai ma'ajiya ce mai cin tuwon sarki. Ta iya yabo, ta kuma iya shiru. Duk da haka, ba don ita ba da labarin 1898 da 1899 ya zo mana da fuska guda. Rahotannin sojan Faransa sun rubuta kisan Kyaftin Cazemajou a matsayin cin amana, sun rubuta yaƙin Tirmini a matsayin hukunci. Bakin mutanen gari ne ya riƙe Amadu Kuran Daga a matsayin sarkin da ya ƙi miƙa wuya. Da André Salifou ya tashi rubuta littafinsa kan daular Damagaram a ƙarni na 19, wanda ya fito a 1971, sai da ya zauna gaban tsofaffi ya saurara, ya gwada abin da suka faɗa da abin da ke cikin takardun Turawa.

Bayan fada akwai hanya. Fataken da ke sauka Zango suna kawo labari tare da haja, daga Agadas da Tarabulus ta arewa, daga Kano ta kudu, daga Gwanja kuma tare da goro. Salaga, babbar kasuwar goro, tana cikin ƙasar Gana ta yau, kuma a can ne Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna kafin ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da Hausa da Larabci. Ashe muryar Hausa daga Gana ba baƙuwa ba ce a nan. A da da jaki take zuwa, tana ɗaukar watanni.

Turawa sun shata iyaka tsakanin Damagaram da Kano, sun mai da garin nan hedkwatar mulkinsu daga 1911, sannan suka ɗauke ta zuwa Yamai a 1926. Tun daga nan muka zama masu nisa da gwamnati, kusan kilomita 900, alhali Kano tana nan ƙasa da 250. Da rediyo ya zo, wannan lissafi ne ya bi. Sashen Hausa na BBC ya fara magana ranar 13 ga Maris 1957 da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi, Rediyo Nijar ya buɗe a 1958, Rediyo Kaduna a 1962, Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979. Gana ma, a zamanin Kwame Nkrumah, ta buɗe sashen ƙetare a 1961, da Hausa cikin harsunansa. A cikinsu duka Kaduna ce ta fi shiga gida. Ta nan aka ji Shata da Ɗan Maraya, ta nan aka ji gaishe-gaishen dangi da ke ci-rani, ta nan kuma tafsirin Shaihu Abubakar Gumi ya shigo tun ƙarshen shekarun 1960, ya tayar da muhawarar addini da har yau ba ta kwanta ba. Soja na iya tsare mota a kan iyaka, amma babu wanda ya taɓa neman takardar gajeren zango.

Abin da na fi so malamai su tuna shi ne ƙungiyar kulob-kulob na rediyo da aka kafa a Nijar a 1962. Tsarinta mai sauƙi ne. A zaɓi batu, kamar aure ko bashi ko noman gyaɗa ko sa yara lakwal, a watsa shiri a kansa. Mutanen gari su taru da dare su kewaye akwati guda su saurara. Mai jagora, wanda sau da yawa mushen makarantar garin ne, ya buɗe muhawara, ya ɗauki muryoyin mutane a na'ura, ya aika Yamai, a tace, a sake watsawa ƙasa ta ji. Gaskiya ne gwamnati ce ke riƙe da almakashi, kuma jam'iyya ɗaya ce a lokacin, saboda haka ba kowace magana ke dawowa ba. Amma a karon farko manomi ya ji muryarsa ta fito daga akwatin da a da sai shugaba da makaɗi ke magana a ciki. Wanda ya san darajar wannan a ƙasar da talaka ke sunkuyar da kai a gaban hakimi, ya san ba ƙaramin abu aka yi ba. A wannan tafarki ne wasan kwaikwayon Hausa ya bunƙasa a Damagaram, inda Yazi Dogo, shi ma malamin makaranta, da abokan wasansa suka riƙa faɗa wa ma'aikaci mai cin hanci da ɗan kasuwa mai algus gaskiya cikin raha, Muryar Sahel da talabijin ta ƙasa suna kai wa jama'a.

Kaset ya zo ya ƙwace wa gidan rediyo ikon zaɓe: wa'azi, waƙar Ma'azu Ɗan Alalo, har wasiƙar ɗan ci-rani zuwa ga uwarsa, duk suka shiga aljihu. Bayan taron ƙasa na 1991 aka buɗe ƙofa ga gidajen rediyo masu zaman kansu, Anfani ta kafa tasha a garin nan. A shekarun ne kuma samari marasa aiki suka fara taruwa a bakin titi kan shayi da rediyo, suna aika gaisuwa da sunan ƙungiyarsu, suka kira majalisarsu fada. Masu bincike suna danganta asalin wannan al'ada da Damagaram kafin ta bazu ƙasar. A lura da kalmar: sunan gidan sarki ne yara suka ɗauka suka aza wa tabarmarsu.

Tsohon tsarin sauraron ya girgiza cikin ɗan lokaci. A Agusta 2023 hukumomin Nijar suka dakatar da RFI, wadda ke da sashen Hausa tun 2007. A Disamba 2024 aka dakatar da BBC na wata uku. A Maris 2025 Muryar Amurka ta yi tsit, wannan karon bisa umurnin gwamnatin da ta kafa ta. Kowa da ra'ayinsa kan waɗannan matakai, kuma ba nan ne wurin yanke hukunci ba. Abin da malami ya gani da idonsa shi ne kunnen ɗalibi bai zauna banza ba, ya koma waya. Wanda ba shi da kuɗin intanet ya je wurin masu tura waƙoƙi a kasuwar Dole, ko ya jira abin da aka jefo a WhatsApp, inda gaskiya da ƙarya ke zuwa da riga iri ɗaya.

To, a cikin abin da ke zuwa daga kudu, me ya cancanci kunne? Da Hausa, jaridar Aminiya ta fitar da Najeriya a Yau da Daga Laraba, masu ɗaukar batu guda su tattauna shi da masana da mutanen titi. Suna da amfani a aji wajen koyar da yadda ake gina hujja. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Birbishin Rikici na kafar HumAngle, mai ba da labarin waɗanda rikicin Boko Haram ya ɗaiɗaita, mutum guda a kowane shiri, ba tare da ihu ba. Duk wanda ke da dangi a Difa zai gane muryoyin. Na Legas da Akara kuwa da Ingilishi suke. I Said What I Said, na FK Abudu da Jola Ayeye, hira ce ta ƴan matan birni, kuma ba duk abin da ke ciki ne zan kai gaban ɗalibaina ba. Sincerely Accra na Joseph Nti shi ne ya ba ni mamaki: a fita titi da makirfo, a yi wa mai talla da direba da ɗalibi tambaya guda, a dawo a harhaɗa. Wannan ai aikin mushen ƙauye ne na 1962, sai dai yanzu babu mai almakashi a Yamai, babu kuma mai biyan kuɗin batir.

Inda gizo ke saƙar shi ne, a duk wannan kasuwa mu masu saye ne. Ana iya samun labaran Nijar da Hausa a wurin Studio Kalangou, da aka kafa a Yamai a 2016, amma labarin yau daban, tarihi daban. Yaron Birni ya san unguwannin Legas da baki, bai san cewa daga 1906 zuwa 1923 Turawa sun tuɓe Amadu Ɗan Basa sun bar garinsa ba sarki na gado ba. Hausar da yake ji ta Kano ce da ta Kaduna, mai kyau ƙwarai, amma karin harshen Damagaram da kalmominsa da suka sha ruwan Barebari ba sa cikinta. Dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Ni da ke koyar da su duka biyun na san doka ba ta cika aji da abin saurare.

Kayan kuwa akwai su. Akwai faya-fayan da aka ɗauka tun shekarun 1960 a ma'ajiyar Muryar Sahel, da cibiyar IRSH, da CELHTO mai kula da tarihin baka a Yamai, kuma zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura har abada. Akwai jami'a a garin nan mai ɗauke da sunan André Salifou, da ɗaliban tarihi masu neman abin rubutawa. Wayar da ke aljihun kowane malami ta fi na'urar da aka yi aikin 1962 da ita ɗaukar murya. Ƙungiyar al'adu guda, da aji guda na lise, sun isa su zauna da maroƙan fada, da matan da suka riƙe waƙoƙin daka da na aure, da maƙera da dukawan Birni, a nemi izininsu, a rubuta sunan mai magana da ranar da ya yi ta, a ajiye kwafi a makaranta kafin a sa a intanet. A fara da waɗanda suka jagoranci kulob-kulob ɗin rediyo na farko: wanda yake da shekara 20 a 1962, yau ya haura 80.