Yadda Kwamfuta Ta Gaji Son Zuciyar Malamai a St George's

A ƙarshen shekarun 1970, Dokta Geoffrey Franglen na makarantar koyon likitanci ta Asibitin St George's da ke Landan ya rubuta manhajar tantance masu neman gurbin karatu, domin sauƙaƙa wa malamai duba takardu kusan 2,000 a shekara. Ya gina ta bisa hukuncin da malaman suka saba yankewa, har zaɓinta ya dace da nasu da kashi 90 zuwa 95 cikin 100.

A 1986 wasu malamai biyu suka kai ƙorafi. Rahoton hukumar yaƙi da wariyar launin fata ta Birtaniya na 1988 ya tabbatar cewa manhajar tana tauye mata da masu sunayen da ba na Turawa ba. Kimanin mutum 60 a shekara ake hana wa ganawar tantancewa saboda haka.

Wariyar ta daɗe a hukuncin malaman. Kwamfuta ta mayar da ita ƙa'ida. Duk jami'ar da za ta damƙa wa ƙirƙirarriyar basira makomar ɗalibai, wajibi ne ta binciki bayanan da aka horar da ita a kansu, ta kuma ayyana wanda zai ɗauki alhaki idan aka zalunci ɗalibi.