Tumtum da Takwarorinsa na Ƙasashen Waje: Tarihi, Suna da Dabarun Zaɓe

1.0 Gabatarwa

Tumtum na daga cikin kayan zaman Bahaushe da manazarta ba su faye mayar da hankali a kansu ba, duk kuwa da cewa ana ganin sa a zaurukan sarakai da turakun attajirai da ɗakunan amare. A kasuwannin tsaraba na manyan biranen kudu, 'yan tebur kan tallata shi ga baƙi da sunan "otoman" ko "puf ɗin Maroko". Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin waɗannan sunaye biyu, da nuna matsayin tumtum a tsakaninsu, sannan a kawo alamomin da ake gane tsohon aiki na ƙwarai da su.

2.0 Asalin Otoman da Puf

Kalmar "otoman" ta samo asali ne daga sunan Usman na Ɗaya, wanda ya kafa Daular Usmaniyya wajen shekarar 1299, daular da ta ɗore har 1922. A gidajen Turkawa na da, akan kewaye bangon ɗaki da wani dakali maras tsawo, a shimfiɗa masa katifu da matasai, a zauna a harɗe. Tsarin fada ma haka yake, shi ya sa kalmar "diwani", wadda ke nufin majalisar mulki, ta shiga harsunan Turai da ma'anar doguwar kujera. Haka nan kalmar "sofa" ta fito ne daga Larabci "suffa", wato rumfa ko dakali, kalmar da malamai suka sani a cikin laƙabin Ahlus Suffa na masallacin Madina.

A ƙarni na 18 sha'awar kayan Turkawa ta mamaye masu hali na Turai. An sami kalmar a rubuce cikin Faransanci a 1729, a Ingilishi kuwa ta bayyana a 1789 cikin littafin lissafin kuɗi na Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka. Da tafiya ta yi tafiya sai kujerar ta rabu da bango, ta ƙanƙance, har a ƙarni na 19 ta koma 'yar kujera mai laushi wadda ba ta da majingina, ana ɗora ƙafa a kanta, wani lokaci kuma a yi mata murfi don ajiye kaya.

Puf kuwa kalmar Faransanci ce mai kwaikwayon sautin abu mai taushi idan ya faɗi. A shekarun 1770 sunan wani tulin gyaran gashi ne na matan fada, sai a ƙarni na 19 aka laƙaba wa dunƙulallen mazauni wanda ba a ganin katako a jikinsa. Bambancinsu ke nan a taƙaice: otoman aikin kafinta ne da aka lulluɓe, puf kuwa jaka ce da aka cika.

3.0 Tumtum a Ƙasar Hausa

Ta fuskar ƙira, tumtum ya fi kusa da puf. Ta fuskar suna ma akwai abin lura, domin sigar kalmar ninki ce mai kama da amsa-kama, irin "tim" da ake faɗa idan abu mai nauyi ya faɗi. Ke nan Bahaushe da Bafaranshe kowa ya kama sunan ne daga kunne. Amma kama da wane ba ta wane. Kalmomi irin su "kushin" da "filo" ba su ɓoye cewa baƙi ne daga Ingilishi, alhali tumtum ba ya ɗauke da irin wannan tambari.

Tushen tumtum shi ne sana'o'in jima da dukanci. Majemi ne ke cire gashi, ya jiƙa fata cikin ruwan bagaruwa har ta jemu, sannan baduku ya karɓa ya yanka, ya ɗinka. Launin ja daga karan dafi ake samun sa, baƙi daga kuloko, rawaya kuma daga gangamau. Fatar da ta fi daraja ita ce ta jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake danganta ta da Maraɗi, saboda laushinta da ƙarfinta. Baduku kan yanka fatun salla-salla, ya harhaɗa su su haɗu a tsakiya, ya yi ado da sare ko zayyana, a ƙarshe a ɗura audugar rimi ko tsummoki.

Matafiyan Turai sun shaida bunƙasar wannan sana'a. Hugh Clapperton ya ziyarci Kano da Sakkwato a 1824, Heinrich Barth kuma ya iso Kano a 1851, ya bayyana yadda ake fitar da takalma da jemammun fatu zuwa arewacin Afirka. Ayarin raƙuma ne ke ɗaukar su ta Gat da Gadamas zuwa Tarabulus da sauran tasoshin bakin teku. Da yake daga hannun 'yan kasuwar arewacin Afirka Turawa ke saye, sai fatar ƙasar Hausa ta shiga cikin abin da suke kira "fatar Maroko". Ba a musun cewa Fas da Marakish suna da tsohuwar sana'ar jima tasu ta kansu. Abin da ake cewa shi ne, sunan kasuwa ya rufe sunan majemin Kano da na Sakkwato. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta juya akalar fatauci zuwa Legas, amma sunan bai sauya ba.

Akwai kuma batun martaba. A fadar Luwis na 14 ta Faransa, zama kan 'yar kujera a gaban sarauniya gata ne da aka keɓe wa matan manyan hakimai. A fadar Hausa ma tsayin mazauni shi ke nuna daraja: sarki a karaga, malami a kan buzu, talaka a ƙasa. Tumtum ya fi zama abin kishingiɗa ga mai gida ko babban baƙo, don haka fassara shi da kalmar da ke nufin matakin ƙafa kuskure ne da ke tauye ma'anarsa.

4.0 Gane Tsohon Aiki da Zaɓensa

Masu harkar kayan tarihi sun saba ɗaukar shekara 100 a matsayin mizanin tsufa. Fata kuwa ba ta cika kai wannan ba sai da kulawa, saboda haka mai saye ya yi hattara da zaƙin bakin dillali. Abubuwa huɗu ne abin dubawa.

Na farko jima. Fatar bagaruwa tana da ƙamshinta, kuma takan ƙara duhu da sheƙi idan ta kwana biyu. Jimar sinadarin kurom, wadda ta shiga masana'antu bayan 1884, takan bar shuɗi-shuɗi a bakin yanka. Na biyu launi. Rinin kanti, wanda aka fara ƙirƙirowa a 1856, yana da ƙyalli mai ɗaukar ido, shi kuwa karan dafi jansa a kwance yake. Na uku ɗinki. Aikin basilla ba ya zama daidai wa daida kamar na keke, kuma zif shaida ce cewa aikin, ko gyaransa, bai girmi ƙarni na 20 ba. Na huɗu ciko. Soso sabon abu ne, amma wannan kaɗai ba hujja ba ce, domin akan sake ciko a bar tsohuwar riga.

Wurin da za a ajiye shi ma abin la'akari ne. A arewa hunturu ne ke busar da fata har ta tsage, maganinsa shafa man kaɗe kaɗan. A kudu kuwa laima ce ke sa ta fumfuna, don haka a ɗaga shi daga siminti, a riƙa shanya shi a inuwa. Wanda ke son abin zaman yau da kullum gara ya sayi sabon aikin hannu a kasuwar Kurmi ta Kano ko a Naraguta ta Jos, ya bar na gado ya huta. Mai niyyar fita da tsohon kaya waje kuma ya sani cewa Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta wajabta neman izini.

5.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa otoman da puf da tumtum abubuwa uku ne masu tarihi daban-daban, ko da yake sun haɗu a falon zamani. Fatar Hausa ta taɓa rasa sunanta a kasuwannin Turai, kuma tumtum na kan hanyar rasa nasa a kasuwannin gida. Ya rage ga masu tsara ƙamus da masu fassara su shigar da kalmar da cikakkiyar ma'anarta, su kuma tattara kalmomin jima da dukanci daga bakin tsofaffin masu sana'ar tun suna raye.