Malaman Kotu a Ƙasar Daura: Tarihinsu da Manufar Ƙungiyarsu

Duk lokacin da aka ɗauko zancen shari'a a ƙasar Daura, alƙali ake ambata, a manta da malamin da ke zaune gefensa riƙe da alƙalami. Alhali kuwa hukuncin da ba a rubuta ba, ranar da shaidu suka ƙare shi ma ya bi su. Gonar gadon da aka raba shekara hamsin da suka wuce, babu mai tsare wa magada ita sai abin da muhuti ya rubuta.

Wannan aiki ya girmi zuwan Turawa, domin tun da can alƙalai suna da malamai masu taya su duba littattafan Malikiyya da yin rubutu. Bayan an mayar da sarautar Daura ga Malam Musa a 1906, tsarin En'e ya mayar da shi aikin albashi. Malamin kotu ke rubuta ƙara da sammaci, ya ajiye kundi da Larabci, ya lissafa tara da ushira zuwa baitulmali. Haka aka tafi tsawon zamanin Sarki Abdurrahman, daga 1911 zuwa 1966.

Ilmin aikin ma ya faɗaɗa. Makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, ta yaye alƙalai da mataimakansu. Dokar kotunan yanki ta 1967 ta cire kotuna daga hannun En'e ta miƙa wa gwamnati, muhuti ya koma rajistara. Aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, sannan a 2000 kotunan Shari'ar Musulunci suka kafu.

A yau waɗannan bayin Allah suna ƙarƙashin Ƙungiyar Ma'aikatan Shari'a ta Ƙasa, wato JUSUN. Babbar manufarta ita ce kotu ta riƙe kuɗinta da kanta, don kada mai yanke hukunci ya zama mai roƙo a ƙofar gwamna. Ɗanmu, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ya sa hannu a gyaran tsarin mulki kan haka a 2018. Da jihohi suka yi jan ƙafa, ƙungiyar ta rufe kotuna fiye da wata biyu daga Afrilun 2021.

Sai dai neman haƙƙi yana tafiya da riƙon amana. Fayil ɗaya idan ya ɓace, maraya na iya rasa gidan ubansa. Don haka muna kira ga ƙungiyar da ta tsawata wa masu karɓar na goro, ta kuma haɗa kai da masarauta a adana tsofaffin kundaye kafin gara ta cinye su. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba na baya ikon riƙe amana, amin.