Daga Sakkwato zuwa Agadas: Yadda ake gwada feda da amfilifaya don samun amon jita

Sakkwato ba garin jita ba ne. Kunnen Basakkwace ya tashi ne da taushi da kotso da kalangu, da muryoyi irin na Salihu Jankiɗi da Ibrahim Narambaɗa. Duk da haka, a wannan birni ne a shekarar 2008 wani matashin Buzu ɗan jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, ya ɗauki kundin waƙoƙinsa na farko mai suna Anar. A yau ana lissafa shi cikin fitattun makaɗan jita na duniya.

Kundin bai fito da amon da ake danganta shi da shi yanzu ba. An yi shi ne da jita marar lantarki, da kiɗan ganga na na'ura, da muryar da aka lanƙwasa da Auto-Tune, irin yadda ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin. Babu kamfanin da ya sayar da shi a wancan lokaci. Waƙoƙin sun yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da ɗaya daga ciki, Tahoultine, ya saka ta a tarin Music from Saharan Cellphones. Sai a 2014 aka fitar da Anar a hukumance.

Tsakanin wancan siririn sauti da rugugin da ake ji a kundin Afrique Victime na 2021 akwai na'urori biyu: feda da amfilifaya. Matasan da ke koyon jita, da masu kiɗa a majami'u da wuraren biki, suna zuba kuɗi masu yawa a kansu, sau tari bisa abin da suka gani a YouTube, inda aka gwada kayan a ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta rawa. Abin da ya yi daɗi a can ba lallai ya rayu a nan ba.

Inda amon ke farawa

Jita mai lantarki ba ta da wata murya ta kirki idan ba a jona ta ba. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai ta haifar da 'yar ƙaramar wutar lantarki mai kama da girgizar. Wannan wuta ce ke bin waya ta ratsa feda, ta isa amfilifaya, wadda ke ƙara mata ƙarfi har ta iya motsa lasifika.

Naɗin iri biyu ne. Mai falle ɗaya, irin na Fender Stratocaster da ta fito a 1954, yana ba da amo garau mai kaifi, amma yana kwaso gunjin wutar gida. Mai falle biyu, wanda Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson a tsakiyar shekarun 1950, yana kashe gunjin, sai dai muryarsa ta fi kauri da duhu. Mdou Moctar, wanda bahago ne, Stratocaster yake kaɗawa, kuma da yatsa tsirara. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Naman yatsa da farce suna sauya amo fiye da yadda feda da yawa za su iya, kuma salon Buzaye na barin tsirkiya ɗaya tana gunji yayin da sauran ke zuba ya samo asali ne daga tehardent, 'yar'uwar molo, ba daga wata na'ura ba.

Feda

Feda ƙaramin akwatin ƙarfe ne da ake ajiyewa a ƙasa tsakanin jita da amfilifaya, a taka shi ya kunnu, a sake takawa ya mutu. Sun kasu gida-gida, amma gidan da ya fi jan hankali shi ne na masu dusashe murya. Aikinsu su tura sautin fiye da abin da na'urar ke iya ɗauka, sai kawunansa su guntule, ya fito da ƙaiƙayi da amo mai tsawo. Mafi tsananinsu shi ne faz. Maestro Fuzz-Tone ta fito a 1962, ta yi kwantai, sai da ƙungiyar Rolling Stones ta yi amfani da ita a waƙar Satisfaction a 1965 kasuwarta ta buɗe. Fuzz Face ta biyo baya a 1966, Jimi Hendrix ya ɗaukaka ta. Masu sauƙin dusashewa sun zo daga baya: Boss DS-1 a 1978, da Ibanez Tube Screamer a 1979, wadda ke rage ƙasan sauti ta kumbura tsakiyarsa, shi ya sa jita ke fitowa fili a cikin hayaniyar ganguna.

Ana yawan ɗaukar wannan ƙaiƙayi a matsayin baƙon abu daga Turai. Ba haka ba ne. Duk wanda ya saurari gogen Garba Liyo ko kukumar Hassan Wayam ya san cewa gashin doki a kan gashin doki ba ya fitar da sauti mai santsi, kuma wannan gurzar ita ce daɗin. Masu garaya kan maƙala ɗan ƙarfe mai zobba a kan sandarta domin ya riƙa tsatsa tare da kiɗan, ana kuma ɗaura wa ganga zare a kan fata don ta yi zuga. Abin da injiniyoyin Amurka suka tarar bisa tsautsayi, makaɗan ƙasar Hausa sun daɗe suna neman sa da gangan. Makaɗin da ke gwada faz a Sakkwato yana da ma'auni a kunnensa tun na gado, idan ya yarda da shi.

Sauran gidajen ba su buƙatar dogon bayani. Akwai wa-wa, wadda ake lilo da ita da ƙafa ta sa jita ta yi kamar tana magana (sunan kwaikwayon kukanta ne, ba zagi ba). Akwai feza da koras, masu sa sauti ya yi ta juyi kamar guguwa. Akwai dilei mai maimaita abin da aka kaɗa kamar amsa-kuwwa, da ribab mai sa ɗan ƙaramin ɗaki ya zama kamar babban zaure. Tsarin da aka saba shi ne masu dusashewa su zo farko, masu juyi a tsakiya, masu amsa-kuwwa a ƙarshe. Idan aka juya, amsa-kuwwar ce za ta dusashe, komai ya cakuɗe. Faz irin ta da ta fi son a jona ta kai tsaye da jita, babu komai a tsakani.

Amfilifaya: mai kwalba ko mai taransisto

Tsofaffin amfilifayoyi, irin na Fender da Vox da Marshall, suna aiki da wasu ƙananan kwalabe masu kama da ƙwan fitila. Idan aka ƙure su, suna dusashewa a hankali, da taushi, suna kuma amsa nauyin hannun makaɗi. Wannan ne ya sa har gobe ake tsadarsu. Amma kwalaben na tsufa, suna fashewa a hanyar da ta lalace, suna fitar da zafi mai yawa, kuma ƙasashen da ke ƙera su da yawa a yau ba su wuce Rasha da Sulobakiya da Sin ba. Da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022, sai da suka yi wuya har a Amurka. Ba kaya ba ne da mai gyaran rediyo na unguwa ke ajiyewa. Wani abin lura kuma: kunna mai kwalba ba tare da an jona mata lasifika ba na iya ƙona taransifomarta, haka ma jona mata lasifikar da lambar om ɗinta, 4 ko 8 ko 16, ba ta dace ba.

Mai taransisto ta fi juriya da sauƙin ɗauka da sauƙin gyara. Raina ta da ake yi ya wuce kima. Roland JC-120, wadda ta fito a 1975, taransisto ce zalla, kuma har yau makaɗa da dama ba su da ma'aunin amo garau da ya wuce ta. Kiɗan jitar Buzaye ma, tun daga Tinariwen da Abdallah Oumbadougou har zuwa ƙungiyoyin biki na Agadas irin su Etran de L'Aïr, ya girma ne a kan ƙananan amfilifayoyi masu araha, wasu da batir, ana ƙure su har lasifikar ta fara kuka. Kukan nan ya zama wani ɓangare na salon.

Lambar wat da ake rubutawa a jiki ita ce ta fi yaudarar mai saye. Ninka wat sau biyu ba ya ƙara komai sai desibel 3, abin da kunne ke ji a matsayin ɗan ƙari kaɗan. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninku, sai an ninka wat kusan sau goma. Saboda haka mai wat 100 ba ta ninka mai wat 50 ba. Girman lasifika da ingancinta sun fi tasiri.

Wuta, zafi da ƙura

A nan ne shawarar da aka kwaso daga intanet ke ƙarewa. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. Amfilifayar gwanjo da aka yi don kasuwar Amurka, idan aka soka ta kai tsaye a soket, to ta tafi ke nan. A duba bayanta tukuna, a nemo taransifoma mai rage wuta idan da buƙata. Wutar janareta kuma hawa da sauka take yi, musamman idan firji ko injin ruwa ya tashi a layi ɗaya, don haka sitabilaiza ba kayan ado ba ne.

Yawancin feda bolt 9 suke ci, amma bakin cajarsu a juye yake: tsakiyarsa ne ɓangaren ragi, saɓanin yawancin cajojin kayan gida. Caja ta shiga ramin daidai ba ya nufin ta dace. Fedar da ba ta da kariya za ta iya ƙonewa nan take. Caja mai araha kuma na cusa tsuwa a cikin sauti. Batir ya fi kowa tsabta, kuma yana daɗewa a faz, amma dilei na zamani kan shanye shi cikin 'yan sa'o'i.

Batun da ya fi kuɗi muhimmanci shi ne rai. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta waya, jikin kuma ya kamata ya haɗu da ƙasa ta ƙafa ta uku ta fulogi. Inda aka karya wannan ƙafa, ko soket ɗin ba shi da wayar ƙasa, wutar da ta ɓalle a ciki ba ta da hanyar wucewa sai ta jikin makaɗi, musamman idan leɓensa ya taɓa makirufo. Haka Les Harvey ya mutu a kan dandamali a Birtaniya a 1972, haka Keith Relf na ƙungiyar Yardbirds ya mutu a gidansa a 1976. Ɗan tsinkau da ake ji a yatsa gargaɗi ne, a kashe a kira mai gyaran wuta.

Sai zafi. A watan Afrilu ma'aunin zafi a Sakkwato na haura 40. Tsofaffin faz, da sababbin da ake ƙerawa a kan tsarinsu, suna amfani da taransiston jamaniyam, wanda halinsa ke sauyawa da zafi. Fedar da ta yi zaƙi da asuba na iya shaƙewa da azahar. Mai taransiston silikon ba ta da wannan laulayi, kuma ita ce zaɓin hankali a nan, ko da masu tara kayan tarihi sun fi yabon waccan. Hunturu kuma na zuwa da nasa: ƙura na shiga maɓallan murɗawa su riƙa ƙarar yashi, bushewar iska na sa katakon wuyan jita ya tsuke har bakin ƙarafunansa su fito suna yankar hannu. Maganin ƙurar shi ne feshin wanke kayan lantarki da rufe kaya da zane, ba man inji ba.

Yadda ake gwaji

Kunne yana da wata ɗabi'a da masu bincike Harvey Fletcher da Wilden Munson suka auna tun 1933: idan ƙara ta ƙaru, ya fi jin ƙasan sauti da samansa, sai ya ɗauka abin ya fi daɗi. Mai shago da ya ɗan murɗa ƙarar fedar sama da ta jita zalla ya riga ya ci rabin ciniki. Don haka a daidaita ƙarar ta zama ɗaya, a kunne da a kashe, kafin a yanke hukunci.

A fara da jita da amfilifaya kawai, maɓallai duka a tsakiya. Idan wannan bai yi daɗi ba, babu fedar da za ta cece shi. Sannan a ƙara abu ɗaya, a kaɗa jimla ɗaya da aka saba da ita, a cire, a sake kaɗa ta. Mai saye ya je da jitarsa da wayarsa, domin doguwar waya, wadda ta haura mita shida, na cinye kaifin sauti. A girgiza bakin waya, a murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe ana sauraron ƙarar yashi, a bar amfilifaya a kunne na rabin sa'a, saboda wasu cututtukan ba su bayyana sai ta yi zafi.

Wuri ma na da bakin magana. Ɗakin siminti mai rufin kwano yana mayar da sauti da kaifi, yana kuma ba da amsa-kuwwa kyauta. Filin biki ba shi da bango, ƙasan sauti na watsewa, kuma amon da ya cika ɗaki kan koma siriri da zarar kalangu da fiyano sun shigo. Tsakiyar sauti ce ke tsira. A gwada a ƙarar da za a yi aiki da ita, amma ba na dogon lokaci ba: ma'aunin lafiyar ma'aikata ya sa iyaka a desibel 85 na sa'o'i takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 na rage lokacin da rabi. Amfilifayar da aka ƙure tana haura 100.

Gwaji na ƙarshe shi ne a ɗauki sautin da waya, a ba wani ya kunna ba tare da ya faɗi wanne ne wanne ba. Lasifikar waya ba ta iya fitar da ƙasan sauti, alhali tsirkiya mafi kauri ta jita na girgiza sau 82 ne kacal a daƙiƙa. Abin da ke kai ta ga kunne a waya shi ne ƙananan amon da ke hawa a kanta, waɗanda ɗan dusashewa ke ƙara yawansu. Mafi yawan masu sauraro daga Illela zuwa Ƙonni har Tawa ta irin wannan lasifika za su ji kiɗan, kamar yadda suka ji Tahoultine.