Dauri da Abin da Ya Biyo Bayansa

A ƙasar noma ta arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona, akuya kuma ke cinye damina a turke don kada ta faɗa wa shuka, magabata sun yi ittifaƙi cewa abin da ya shiga cikin uwa, da abin da ya fara shiga bakin jariri, shi ne tubalin halinsa. Shi ya sa ungozoma kan jiƙa dauri, wato saiwoyi da sassaƙe masu ɗaci, ta tallafi ƙeyar jinjiri da tafin hannunta, ta riƙa ɗiga masa yana yamutsa fuska, mai jego kuwa a tsare ta da kunun kanwa da wankan ruwan zafi har arba'in. Malaman zaure ma, idan karatun Risala ya kai mas'alar shayarwa, sukan bayyana yadda shan nono ɗaya ke haramta aure, har gobe kuma idan hali ya yi wa mutum kanta akan ce a nono ya tsotsa. Ba na wanke al'adar daga aibi, domin likitocin Zariya sun daɗe da alaƙanta yawan kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar masu haihuwa. Amma ko ba komai, dauri yana da mai ba da shi, da ƙa'idarsa, da lokacinsa.

Ƙwayar tiramol ba ta zo da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A Jamus aka harhaɗa ta a 1962, aka fara sayar da ita a 1977 don kashe raɗaɗi, sannu a hankali ta gangaro har faifan mai talla ranar kasuwa, ɗan ƙwadago ya afa don ya gama kunyoyinsa bai ji gajiya ba, 'yar'uwarta kodin kuma ta kutsa har ɗakunan matan aure kafin gwamnati ta haramta maganin tarin da ke ɗauke da ita a watan Mayu na 2018. Dabbobi ma ba su tsira ba. A 2013 wasu masana sun ba da labarin samun tiramol a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, aka zaci itacen ne ke yin ta, sai binciken shekarar da ta biyo baya ya danganta abin da fitsari da kashin shanun da manoma ke ɗura wa ƙwayar don su jure aiki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne 'ya'ya. Tun da aka gano a 1973 cewa ƙwaƙwalwa tana da makarɓa ta musamman ga wannan jinsin magani, masu bincike a Amurka suka riƙa ba ɓeraye masu ciki mofin ko metadon, waɗanda su ma 'yan wannan jinsi ne, sa'an nan su bi 'ya'yan har girma. Sau da yawa akan haife su ƙanana, koyonsu da wasansu su sauya, kuma ko da sun balaga, yadda mofin ke kashe musu ciwo yakan saɓa da na sa'o'insu, wani lokaci namiji daban, mace daban. Ɗan ɓeran bai taɓa afa ƙwaya da kansa ba. Ta mabiyiya da nono abin ya iske shi, ta hanyoyi biyun nan da ungozomar ƙauye ke tsaye a kansu da ƙoƙon daurinta.